Me Ke Sa Tsohuwar Mota Karkarwa Idan Ta Ɗauki Gudu?

Sanin kowa ne cewa yawancin motocin da ke jigilar jama'a a manyan hanyoyin Nijeriya sun ga jiya sun ga yau. Akwai Peugeot 504, watau Fijo, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Akwai Golf da Corolla da Hiace da sauran 'yan kwatano, waɗanda sai da suka gama yi wa wasu bauta a ƙasashen waje kafin su iso. Irin waɗannan motoci suna da wata ɗabi'a da direbobi da fasinjoji suka sani sarai. Mota za ta ratsa gari lafiya lau, amma da zarar ta hau hanya irin ta Kano zuwa Zariya, allura ta haura 80, sai sitiyari ya fara rawa a hannun direba, madubi ya dushe, kujeru su ɗauki ɓari. Wani abin mamaki kuma, idan direba ya ƙara wuta, wani lokaci sai jijjigar ta lafa kamar an ɗauke ta.

Mutane da yawa sukan ce ai tsufa ne, su ci gaba da tafiya. To, amma ruwa ba ya tsami banza. Jijjiga a mota tamkar zazzaɓi ce a jikin mutum. Zazzaɓi alama ce, kuma cizon sauro na iya kawo shi, taifot na iya kawo shi, ciwon haƙori ma na iya kawo shi. Likitan kirki ba ya rubuta magani sai ya yi tambayoyi, ya duba, ya yi gwaji. Haka ya kamata a yi wa mota, domin daga cikin abubuwan da ke sa ta karkarwa akwai wanda ɗan ƙarfe mai nauyin 'yan giram zai warkar, akwai kuma wanda ke iya halaka duk wanda ke cikinta.

Taya Mai Juyawa Sau 14 a Sakan

Domin a fahimci lamarin, sai a fara da ɗan lissafi. Idan aka zagaye tayar ƙaramar mota da igiya, za a samu tsawon igiyar ya kai kimanin mita 2. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Ke nan kowace taya tana juyawa kusan sau 14 a sakan ɗaya.

Duk abin da ke juyawa yana jan abin da ke riƙe da shi zuwa waje. Yaron da ya taɓa wulwula majajjawa ya san haka, domin yana jin dutsen yana fizgar hannunsa. Idan nauyin taya ya rabu daidai a ko'ina, fizgar wannan gefe takan kashe ta wancan gefe, sai taya ta juya shiru. Idan kuwa wani gefe ya ɗara nauyi, ko da kaɗan ne, sai ya zama majajjawa da aka ɗaure a ƙafar mota.

Alal misali, a ce laka mai nauyin giram 50 ta bushe a cikin wili, santimita 18 daga tsakiya. A gudun kilomita 50, ƙarfin fizgarta bai kai nauyin kilo 2 ba. A gudun kilomita 100 kuwa yakan kai kimanin kilo 7, domin ƙa'idar ita ce idan gudu ya ninka sau biyu, fizga takan ninka sau huɗu. Wannan kilo 7 yana jan ƙafar mota sama, ya ja ta ƙasa, sau 14 a sakan. Shi ya sa aibin da ba a ji a cikin gari yake bayyana a babbar hanya.

Rashin daidaiton nauyi iri biyu ne. Idan nauyin yana tsakiyar faɗin taya, sai ta riƙa tsalle sama da ƙasa. Idan yana gefe ɗaya, ciki ko waje, sai ta riƙa lanƙwasa hagu da dama, wanda shi ne ke kaɗa sitiyari. Na'urar da ake kira ta balansin takan juya taya ta nuna inda nauyi ya gaza, sai a maƙala ƙananan ƙarafa na dalma ko makamancinta a bakin wili. Faɗuwar ɗaya daga cikin waɗannan ƙarafa a cikin rami ta isa ta jawo jijjiga.

Darasi Daga Lilo

Saura tambaya ta biyu: me ya sa jijjigar kan tsananta a wani gudu, ta ragu idan an wuce shi? Amsar tana wurin lilo. Kowane lilo yana da saurin kaiwa da komowa da ya dace da tsawon igiyarsa. Idan mai turawa ya daidaita turinsa da wannan sauri, ɗan turi kaɗan ya isa ya kai lilo sama. Idan ya yi ta turawa da gaggawa ba bisa ƙa'ida ba, wani turin zai kashe wani, lilo ya ƙi tashi. Masana fiziks suna kiran wannan dacewa rezonans.

Tarihi ya adana misalinsa. A 1831 wata gada mai rataye a Broughton, kusa da Manchester a Ingila, ta rufta sa'ad da sojoji ke ƙetare ta suna taku ɗaya. Bincike ya nuna dama akwai rauni a wani ƙarfenta, takun sojojin da ya dace da kaɗawarta ya ƙarasa ta. Daga nan aka umarci sojoji su riƙa warware taku idan za su hau gada.

Ƙafar mota ma lilo ce. Tana tsakanin abubuwa biyu masu lotsawa su dawo: iskar da ke cikin taya a ƙasa, da sifirin a sama. A yawancin ƙananan motoci, saurin tsallen da ya dace da ita yana tsakanin sau 10 zuwa 15 a sakan. Idan aka koma ga lissafin farko, taya tana juyawa sau 10 zuwa 15 a sakan ne a gudun kimanin kilomita 70 zuwa 110 a awa. A nan ne fizgar majajjawa ke dacewa da lilon ƙafa. Iyakar gudun da doka ta ba ƙananan motoci a manyan hanyoyi masu tagwayen layi a Nijeriya, kilomita 100 a awa, ta faɗo a cikin wannan tsakani. Direban da ke ƙara wuta don ya tsere wa jijjiga bai magance kome ba. Fizgar tana nan, ta ma ƙaru, ya kuma karya doka.

Inda Tsufa Ya Shigo

Sabuwar mota ma tana iya samun taya marar daidaito, amma tana da masu kwantar da tarzoma. Na farko shi ne shokazoba, wani bututu mai ɗauke da mai, wanda ke tilasta wa man bi ta ƙananan kafofi duk lokacin da ƙafa ta motsa. Ta haka yake mai da ƙarfin tsalle ya zama zafi, kamar mai riƙe igiyar lilo. Na biyu su ne robobin da aka sa a mahaɗar ƙarafa, waɗanda makanikai ke kira bushin, da waɗanda inji ke zaune a kansu. Na uku su ne gaɓoɓin sitiyari, masu kama da gaɓar kafaɗa ko ta ƙugu a jikin mutum, watau dunƙulallen kai da ke juyawa a cikin kwarmi.

Shekaru suna cin dukkan waɗannan. Man shokazoba yakan tsiyaye. Roba, wadda asalinta ƙaron itace ne, takan bushe ta tsattsage saboda zafi da iskar oksijin. Gaɓoɓi sukan sassauta idan robar da ke rufe su ta yage, ƙura ta shiga ta haɗu da giris ta zama tamkar dutsen niƙa. Saboda haka a mafi yawan lokuta jijjigar tana tasowa ne daga wani abu mai juyawa da ya karkace, tsufa kuwa ya kawar da abubuwan da ke danne ta. Mai gyara na ƙwarai yakan nemi biyun duka: abin da ke tayar da jijjigar, da abin da ya kasa kwantar da ita.

Jikin Mutum Ma'auni Ne

Kafin a je ga na'ura, jikin direba shi ne kayan awo na farko. A cikin fatar hannu akwai ƙananan ƙwayoyi masu jin motsi. Waɗanda ake kira da sunan Bajamushe Georg Meissner suna kusa da saman fata, sun fi jin kaɗawa mai jinkiri, kamar sau 10 zuwa 50 a sakan. Waɗanda ke ɗauke da sunan Filippo Pacini, masanin ƙirar jiki ɗan Italiya, suna can ciki, siffarsu kamar albasa mai ɓawo a kan ɓawo, kuma sun fi jin kaɗawa mai sauri, wajen sau 200 zuwa 300 a sakan. Kunne kuwa ba ya fara jin kaɗawa a matsayin sauti sai ta kai kimanin sau 20 a sakan.

Wannan sani yana da amfani wajen bincike. Jijjigar taya, mai sau 14 a sakan, girgiza ce da ake ji a hannu, ake kuma gani da ido, amma ba ta da amo. A motocin da ƙafafun baya ke turawa, akwai dogon ƙarfe da ke kai ƙarfin inji baya, wanda ake kira farfela. Shi yana juyawa kimanin sau 3 zuwa 4 duk juyin taya ɗaya, watau wajen sau 50 a sakan a babbar hanya. Jijjigarsa siririya ce, tana zuwa da gunji a kunne da zuga a tafin ƙafa. Mai lura zai iya rarrabe biyun tun kafin a buɗe kome.

Har ila yau, gangar jikin mutum tana da nata lilon. Kaɗawar sama da ƙasa mai sau 4 zuwa 8 a sakan ita ce ta fi damun ciki da ƙashin baya. Binciken lafiyar ma'aikata ya daɗe da nuna dangantaka tsakanin daɗewa a kan kujera mai jijjiga da ciwon baya a wurin direbobi. Ke nan ko motar ba ta yi haɗari ba, direbanta yana biyan kuɗin jijjigar da jikinsa.

Tambayoyi Huɗu

Kamar yadda likita ke fara ɗaukar tarihin ciwo, akwai tambayoyi huɗu da ke taƙaita bincike.

Ta farko: a ina ake jin jijjigar? Idan a sitiyari ne, zargi yana kan ƙafafun gaba. Idan a kujera ne ko a daɓen mota, sai a dubi ƙafafun baya ko farfela.

Ta biyu: gudun mota take bi, ko gudun inji? Ana gane wannan idan aka sauya giya, misali daga ta biyar zuwa ta huɗu, ba tare da canza gudun mota ba. Inji zai ƙara juyi, tayoyi kuwa suna nan yadda suke. Idan jijjigar ba ta sake ba, daga ƙafa ko farfela take. Idan ta sake, ko kuma ana jin ta ko da mota na tsaye an taka totur, sai a nemi fulogin da ba ya ba da wuta, ko robar inji da ta tsinke.

Ta uku: me ƙafar direba ke yi a lokacin? Jijjigar da ba ta zuwa sai an taka birki tana nuna faifan birki ya ci ba daidai ba. Bambancin kauri da bai kai na gashin kai ba ya isa ya sa feda ta riƙa bugun tafin ƙafa. Wadda ke zuwa idan an taka totur, ta ɓace idan an ɗaga ƙafa, tana nuna gaɓar shaf ta ciki a motoci irin Golf da ƙafafun gaba ke ja, ko kuwa gaɓar farfela mai kai huɗu da makanikai ke ce wa kuros. Ɗaliban ilmin halittu za su so su ji cewa Robert Hooke, wanda ya fara bayyana ƙwayoyin halitta da ya gani ta madubin ƙara girma a 1665, shi ne ya yi nazarin wannan gaɓa, har ake kiranta da sunansa. Ya nuna cewa idan ta karkata, juyinta ba ya tafiya bai ɗaya, yakan yi sauri ya yi jinkiri sau biyu a kowane zagaye.

Ta huɗu: yaushe ta fara? Bayan faɗawa rami, a zargi wili da ya lanƙwashe ko dalmar da ta faɗi. Bayan an yi faci ko an sauya taya, a zargi rashin balansin ko notin da ba a ɗaure sosai ba. Bayan tafiya a hanyar ƙauye da damina, a leƙa cikin wili a nemi laka. Idan mota ta daɗe a ajiye, taya kan baje a wurin da ta zauna, kuma wannan yakan warware bayan 'yan kilomitoci idan ta ɗauki zafi.

Dubawa da Gwaji

Bayan tambayoyi sai duba. A fara da abin da ba ya cin kuɗi: awon iska tun taya na da sanyi, da ɗaurin notoci. Sa'an nan a ɗaga ƙafa da jak a wuri mai daidai, a tokare sauran ƙafafun. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. Idan ta yi wasa, boris ko gaɓar ƙafa ta ci. A kama ta hagu da dama a girgiza. Wasa a nan yana nuna gaɓar sandar sitiyari. A riƙe alli daf da bakin wili a juya taya a hankali. Idan allin ya taɓa wani wuri ya bar wani, wilin ya karkace. A shafa tafin hannu a bayan taya. Tudu da kwari a jere alama ce ta shokazoba da ya mutu ya bar taya tana tsalle a kan kwalta. Haka nan idan aka danna kusurwar mota aka saki, ta yi ta lilo fiye da sau ɗaya ko biyu.

Gwajin da ya fi kowane sauƙi shi ne musanya tayoyin gaba da na baya. Idan jijjiga ta bar sitiyari ta koma kujera, an kama mai laifi. Ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai a ɗakin gwaji ita ce ke aiki a nan: a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a sake gwadawa a hanya ɗaya da gudu ɗaya. Wanda ya sauya shokazoba da bushin da fulogi rana guda ya kashe kuɗi mai yawa, kuma ko motar ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sau da yawa akan tura mai mota yin alaimen, alhali kuwa saitin ƙafa da ya goce ya fi jawo mota ta riƙa ja gefe ɗaya da cin taya ta baki. Ba safai shi kansa yake kawo karkarwa ba.

Jijjigar da Ba a Jira da Ita

Akwai wadda ba ta ba da lokaci. Tayoyin zamani, irin waɗanda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946, suna da ɗamarar wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin robar da ke taka ƙasa. Zafi da ƙarancin iska da lodi fiye da kima da tsufa suna iya raba wannan ɗamara da jikin taya. Sai wani wuri ya kumbura, taya ta daina zama da'ira. Alamarta ita ce mota ta riƙa rangaji tun a gudun kilomita 20 ko 30, kuma balansin ba ya magance ta. Ƙarshenta fashewa ne ko saɓulewar bayan taya ana tsakiyar gudu. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka bayan irin wannan rabuwa ta jawo haɗurra da asarar rayuka, kuma an fi samun matsalar a yankuna masu zafi. Darasi ne ga duk ƙasar da kwalta ke ɗaukar zafin bazara, ake kuma sayen tayoyin gwanjo.

Ana iya sanin shekarun taya. Tun daga 2000, lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke bin haruffan DOT a gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2319 yana nufin mako na 23 na 2019. Masu ƙera motoci da dama suna ba da shawarar sauya taya bayan shekara 6, masu yin tayoyi kuma ba sa yarda ta wuce 10, ko da zanenta bai goge ba. Kumburi a taya, noti mai kwance, gaɓar sitiyari mai wasa, da jijjigar da ta taso farat ɗaya tana ƙaruwa, duk hukuncinsu ɗaya ne: a rage gudu a hankali ba tare da danna birki da ƙarfi ba, a sauka gefen hanya, a duba.

Gwaji Don Aji

Malami na iya nuna wa ɗalibai duk wannan da keke ɗaya. A kifa shi, a juya feda da hannu, a lura da yadda ƙafar baya ke juyawa shiru. Sa'an nan a ɗaure ɗan ƙaramin noti da kyau a jikin waya ɗaya kusa da wili, ɗalibai su ja baya kaɗan, a sake juyawa. Keken zai fara tsalle, tsallen kuma zai ƙaru da sauri. A ɗaura wani noti mai nauyi ɗaya a ɗaya gefen, daura da na farko, sai tsallen ya kwanta. Daga nan ɗalibai su auna kewayen tayar wata mota da igiya, su lissafa sau nawa take juyawa a sakan a gudun kilomita 60 da 80 da 100, su faɗi gudun da suke tsammanin za ta fi karkarwa.

A taƙaice, mota mai karkarwa tana ba da bayani a kan ciwonta: wurin da ake ji, gudun da take farawa, da abin da ke tayar da ita ko ya kwantar da ita. Ɗalibin da ya iya tattara waɗannan alamu, ya jera zarge-zarge daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya riga ya kama hanyar da likita da injiniya da masanin halittu suke bi a aikinsu. Fasinjan da ya san bambancin dalmar da ta faɗi da tayar da ta kumbura kuwa yana da hujjar da zai roƙi direba ya tsaya a duba.